Gorar Ruwa daga Dutsen Kurciya

Akwai wani manomi, dattijo, da yake zaune tare da yayarsa a wani ƙauye a bakin hanya. Su biyu kaɗai suka rage cikin 'ya'yan mahaifinsu. Ba a ƙauyen aka haife su ba. A kan Dutsen Kurciya aka yanke musu cibiya, tafiyar awa uku daga nan, tun lokacin da mutanensu suke zaune a bisa, kafin a yi hanyar mota kowa ya sauko.

A ƙarshen damina yayar ta kwanta ciwo. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita da magunguna, amma abinci ya fita ranta. Ko ruwa aka miƙa mata, sai ta kurɓa sau ɗaya ta kau da kai. Na rijiya ta ce yana da laka, na famfo ta ce yana warin ƙarfe. Kullum tana ƙara ramewa. Wata rana ƙanen ya zauna kusa da tabarmarta, sai ta ce masa, "Auta, ka tuna ruwan nan na kan dutse, mai fitowa daga ƙarƙashin falale? Da zan sha shi ko sau ɗaya, ina jin da na tashi."

Ya ce, "Na tuna, Yaya."

Ta ce, "Ban ce ka je ba fa. Kai ma ka tsufa."

Da gari ya waye ya ɗauki sandarsa da gora, ya zuba gyaɗa a aljihu, ya kama hanya. Rabonsa da dutsen shekara talatin da wani abu.

Da hantsi ya isa gindin dutsen, ya fara hawa. Hanyar ta ɓace cikin ciyawa, amma ƙafarsa ba ta manta ba. Ya wuce jerin duwatsun da kakanninsa suka tare ƙasa da su don shuka acca. Ya wuce ɗinyar da ya taɓa faɗowa daga kanta ya tsage haɓa; ta ƙara kauri, kuma ta cika da 'ya'ya, babu mai tsinka sai tsuntsaye. Yakan yi taku ashirin ya tsaya ya huta. Inda dā yake haurawa a guje da ɗan akuya a kafaɗa, yanzu sai ya dafa dutse da hannu biyu.

Da ya kai bisa, ya tarar da kufai. Shingen itacen ƙerana yana nan a zagaye da gidajen da babu su. Ya gane gidansu da duwatsun murhu guda uku. A kan falalen kusa da gidan ya ga ramukan da mata suka yi shekaru suna niƙa a ciki. Ya durƙusa ya sa tafin hannunsa a cikin na mahaifiyarsa, ya ji shi sumul. Gaba kaɗan ga tushen 'yar majami'ar da suka gina da laka, inda a kan gungume ake zama, inda ya fara koyon karatu yana bin yatsan malamin bishara a kan takarda. Ya tuna yadda waƙa take tashi daga nan ranar Lahadi, har masu kiwo a ƙasa su ji su tsaya. Ya duba yamma, ya ga gonakin dawa sun miƙe har inda ido ya ƙare, kogi yana walƙiya a tsakaninsu. Ya daɗe a tsaye, yana kiran sunayen waɗanda suka rasu a zuciyarsa.

Sa'an nan ya nufi maɓuɓɓugar. Tun daga nesa ya lura bai ji ƙarar ruwa ba. Da ya iso, sai ya tarar wani ƙaton dutse ya gangaro ya rufe bakinta. Kwamin da suke ɗiba ya cika da yashi da busasshen ganye. Ya tona da sanda, ya tona da hannu har farcensa ya karye, ko danshi bai samu ba.

Ya zauna a wurin da gorarsa wofi. Zuciyarsa ta ce masa, "Koma gida ka cika ta a famfon bakin kasuwa, ka bar ta a inuwa ta yi sanyi. Idonta ya yi rauni, ba za ta sani ba." Ya juya maganar, ya sake juyawa. Amma tun suna yara bai taɓa yi wa yayarsa ƙarya ta zauna ba, kuma ya ji kunyar Allah. Ya ce gara ya koma ya faɗa mata gaskiya.

Da ya tashi zai sauka, gwiwoyinsa suka ƙi hanyar da ya hau, don ta cika tsayi. Sai ya tuna akwai wata ta gabas, mai sauƙin gangara. Bai taɓa bin ta ba, domin a zamaninsu wajen kurmi ne, ana hana yara zuwa saboda damisa. Ya bi ta a hankali. Maimakon kurmi, sai ya fara ganin gonakin gwaza. Ya ƙara gaba ya ga rake, ya ga ayaba, ya ga gidaje kamar goma masu rufin kwano, da tumaki a ɗaure a gindin mangwaro. Bai san kowa a nan ba. Amma kunnensa ya jiyo ƙarar ruwa.

Ya bi ƙarar har gindin wani ɓaure, inda ruwa yake fitowa daga tsagar dutse, garau, yana bin 'yar magudana zuwa lambuna. Wata mace tana gyaran irin albasa a gefe. Ta gaishe shi da Hausar da ta nuna ba 'yar ƙasar ba ce, ta ce, "Sannu, Baba. Daga ina a ranar nan?"

Ya ce, "Daga bisa, 'yata. Ruwan iyayena na je nema, na tarar ya ƙafe."

Ta ce, "Ai bai ƙafe ba, Baba, ga shi nan. Surukina ya ce shekarar da suka zo aka yi wani babban ruwa, dutse ya faɗi a can sama. Bayan mako biyu ruwa ya ɓullo a nan. Da shi muke sha, da shi muke noma."

Dattijon ya durƙusa ya ɗiba da hannu ya sha. Sanyin ya ratsa haƙoransa kamar yadda yake yi sa'ad da yake yaro. Ya sake sha, hawaye suna bin gemunsa. Matar ta karɓi gorar ta ɗauraye ta, ta cika masa. Mijinta kuwa ya ɗauke shi a babur ya kai shi gida tun rana ba ta faɗi ba.

Yayar ta karɓi ƙwarya da hannu biyu, ta sha. Can ta ce, "A ƙarƙashin falalen ka ɗebo?"

Ya ce, "A'a, Yaya. Can ya toshe. Ta gabas yake fitowa yanzu, baƙi ne suke sha."

Ta ce, "To, madalla da ba a banza yake zuba ba. Ƙara mini."

A ranar ta sha kunu. Ta ga girbin shekarar, ta ga na baɗi.

Ma'anar misalin nan kuwa, 'yan'uwa, ita ce: dutsen shi ne kwanakinmu na dā, inda muka fara sanin Ubangiji. Ruwan shi ne alherin Allah. Ba laifi ba ne mutum ya hau ya ga kufan gidansu, ya tuna waɗanda suka koya masa addu'a, ya yi kuka ma in kukan ya zo. Amma da yawa cikinmu mun zauna a bakin busasshen kwami, muna cewa babu sauran sujada irin ta dā, babu masu bi irin na dā. Waɗansu sun daina zuwa majami'a tun ranar da tsohon fastonsu ya rasu. Waɗansu suna zuwa, amma gorarsu a famfo suka cika ta: bakinsu yana waƙa, zuciyarsu ta san babu komai a ciki, suna kuma miƙa wa 'ya'yansu haka.

Allah bai tsufa tare da mu ba. In ya rufe wata kafa, alherinsa yana ɓullowa ta gefen da ba mu saba bi ba, wani lokaci a hannun mutanen da ba harshenmu suke yi ba, ko matasan da waƙarsu take mana ƙara a kunne. Dattijon nan ba wayonsa ne ya kai shi ga ruwan ba. Ƙin yin ƙarya ne, da raunin gwiwa. Ciwon da kake gunaguni a kansa yau, mai yiwuwa shi ne zai sauke ka ta hanyar da ba ka taɓa bi ba.

Ku dattawa, kowannenku ya san wani a cikin ikilisiyar nan da bai taɓa zama kusa da shi ba, don baƙo ne, ko don yaro ne. In an tashi yau, kada ka wuce shi a bakin ƙofa. Tsaya ka gaishe shi, ka tambaye shi abin da Ubangiji ya yi masa a shekarar nan, ka kuma saurara har ya gama.