Sulallan Alhaji Mudi

Ku matso ku ji wannan, don ni har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

A Funtuwa an yi wani dattijo, Alhaji Mudi, mai tara sulallan azurfa irin waɗanda ƙasashe ke bugawa don tunawa da wani babban abu. Wani da hoton jirgin ruwa, wani da damisa, wani na gasar ƙwallo. Tun yana saurayi yake tara su, kowanne cikin gidansa na roba, ko da hannu ba ya yarda a taɓa. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, bakinsa ya rufe.

Ɗansa Nafi'u yana shirin aure. Ya duba ya ga uba ba ya magana, ya ɗauke akwatin sulallan ya kai maƙera a yi wa amarya awarwaro. Da ya bar shi inda yake, da babu abin da ya faru.

Maƙerin, Ɗan'azumi, ya san na Alhaji ne, ya kuma san dattijon yana raye. Ya juya su a tafin hannu ya ce, "Azurfa ai azurfa ce." Ya hura wuta. Da ya ce a'a, da dole yaron ya mayar.

Ana cikin haka sai ga Malam Sidi, aminin Alhaji, shi ma mai tara sulalla. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tsayar da su. Amma ya hango mai damisar nan da ya daɗe yana roƙo ana hana shi. Ya ce, "Yaro, ba ni wannan, ni ban ga komai ba." Ya jefa a aljihu, ya bar sauran suka narke.

Allah da ikonsa, bayan biki Alhaji ya samu sauƙi, baki ya buɗe. Ya ce, "Nafi'u, ɗauko mini akwatina." Nafi'u ya sunkuyar da kai. Amarya kuwa, baiwar Allah, ba ta san komai ba, ta durƙusa ta ce, "Baba, na gode da awarwaron da aka ce kai ka ba ni." Dattijo ya ƙura wa hannunta ido, ya juya fuska bango, hawaye na zuba.

To jama'a, tsakanin ɗan da ya ɗauka, da maƙerin da ya narkar, da aminin da ya yi shiru, wa ya fi cin amanar Alhaji Mudi?