Zabuwa da Ƙafafun da Suka Tafi Yawo

Wa ya tashi da mafarki yau a cikinku? Ku riƙe shi tukuna. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Zabuwa ce ta saka ƙwai a gindin sabara, ta hau kwanci. Tun ranar wani mafarki ya sa ta gaba: tana kan ƙwai, sai ƙafafunta su cire, su kama hanya su bar ta. Ta tsorata, kada wani abu ya sami ƙwanta.

Da safe ta je wurin Dila. "Allah gafarta Malam, a fassara mini."

Dila ya shafa gemu. "Maƙiya ne, baiwar Allah, sadaka ce maganinsu. Kawo ƙwai in kai wa mabukata."

Ta kawo. Ashe mabukacin cikin Malam ne.

Mafarki bai fasa ba. Ta je wurin Hankaka, ta ce, "Malam Dila ya ce maƙiya ne."

"Dila? A gidan wa ya yi karatu? Iska ce ta shafe ki, iska kuwa ɗanyen ƙwai take sha."

Ta kawo, iska ta sha da bakin Hankaka.

Mafarki ya sake dawowa. Ta je wurin Guza a bakin rafi. Ba ta kai ƙarshen labari ba ya tare ta: "Ƙwan dai, da saura?"

Zabuwa ta juya da gudu. Ta iske 'yan kaɗan suka rage, ta zauna ta yi tagumi. Sai ga maƙwabciyarta Kaza, uwar son jin labari.

"Ƙawata, kin rame kamar tsinken tsire. Lafiya?"

Zabuwa ta kwashe duka ta gaya mata. Kaza ta matso. "To, ina ƙafafun suke zuwa?"

Babu wanda ya taɓa tambayarta wannan. Ta ce, "Gonar gero. Daga nan su bi fara, su tsallake rafi, su hau tsamiya." Tana faɗa tana murmushi.

"Ke da aka bari fa?"

"Kuka nake yi." Sai ta ƙara da cewa, "Ba don sun tafi ba. Don ba su tafi da ni ba ne. Ashe babu maƙiyi, babu iska. Ni ce zama ba ya karɓa ta."

Kaza ta tuntsire da dariya. "Ni kuwa ko dutse aka ajiye mini sai in kwanta a kansa. Damuwata ɗaya, kullum idona yana ƙasa, shirwa na kwashe mini 'ya'ya."

"Nawa idon a sama yake. Ki kwanta mini, in yi miki gadi."

Suka gangara da sauran ƙwan zuwa ɗakin Kaza. Kaza ta kwanta, ta ƙyanƙyashe su duka. Shi ya sa har yau ake sa wa kaza ƙwan zabi, zabuwa kuwa tana yawonta, da ta hango shirwa sai ta cika gari da kuka.

Mai mafarki ya fi kowa sanin inda mafarkinsa ya taɓa shi.

Ƙurunƙus, kan kusu ya ƙare ta. Yanzu kowa ya ɗauko mafarkin da na ce ya riƙe, ya tambayi kansa ina ya je a ciki, me kuma ya ji, kafin ya kai wa wani ƙwansa.