Takalma a Bakin Rumbun Sarƙa

To jama'a, ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

Haladu mutumin Yawuri ne, yana aiki a wani jirgin dakon kaya a tekun Ikko. Ku da ba ku taɓa ganin teku ba, ku sani anga, wato ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa, ba ita kaɗai ke riƙe jirgi ba, har da nauyin sarƙarta. Kowace gaɓa ta fi kan mutum girma. In aka sake ta, a guje take fitowa daga rumbunta tana tartsatsin wuta, wanda ta tarar a hanya kuwa sai dai a yi masa addu'a.

Wata rana da hantsi Haladu ya leƙa rumbun, ya ga sarƙa ta harɗe. Shi da rawar kai, bai gaya wa kowa ba, ya tuɓe takalmansa a bakin ramin kamar mai shiga masallaci, ya dira. Yana ciki iska ta taso tana tura jirgi wajen duwatsu. Kyaftin ya ce a saki anga. Haladu ya ji ƙarfe ya motsa, ƙafarsa ta maƙale, ya kama salati.

Abokin aikinsa Yahuza ne ya hangi takalman. Ya kwarma ihu, "Ku tsaya! Haladu na ciki!" Ban da shi ba wanda ya lura.

Wani abokin aikinsu, Iliyasu, ke kan birkin sarƙar. Kyaftin na daka masa tsawa ya saki, ya ƙi ji. Ya murɗe birkin da iya ƙarfinsa, hayaƙi na tashi, fatar tafinsa na saɓulewa, ya riƙe gam.

Shu'aibu kuwa, shi ma ma'aikacin jirgin, ramin ya faɗa, alhali ya san birki na iya kuɓucewa ko yaushe. Ya sa ƙarfe ya ɓanɓare gaɓar da ta danne ƙafar Haladu, ya goyo shi ya fito. Nan take aka saki anga, jirgi ya tsaya dab da duwatsu.

Haladu na jinyar ƙafa matarsa ta haifi namiji. Ya yi kuka don murna, ya rantse sunan wanda ya ceci ransa zai sa wa yaron. Ranar suna ta zo, duk ukun suna zaune a kan tabarma, liman ya miƙo kunne, Haladu ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Yaro ɗaya ne, suna ɗaya ne. To, ku faɗa mini, sunan wa za a raɗa masa?