Da Harami a Garejin Hamid

Akwai wani bawan Allah a unguwar Khalidiyya ta Madina, sunansa Bakri, wanda ya daɗe yana rantsuwa cewa kaf garin nan babu makanike mai amana. Ni kam da na ji labarin har ƙarshe, ba kanikawan ne suka ba ni haushi ba.

Bakri Bahaushen Sudan ne, a shagon turare yake aiki kusa da Masallacin Annabi. Mutum ne mai son mahaifiyarsa ƙwarai, sai dai akwai shi da saurin hawa da taurin kai.

Mahaifiyar tasa, Hajiya Innayatu, ta tsufa, ciwon baya ya kwantar da ita. Zaman ɗan lokaci a keken turawa tana iya daurewa, amma doguwar tafiya a zaune, a bas ko a jirgin ƙasa, likita ya hana. Burinta ɗaya ne, ta sake ganin Ka'aba tun da sauran ƙarfinta. Ƙarfin kuwa kullum raguwa yake yi.

An taɓa shirya mata Umara, dangi da maƙwabta duk suka sani, sai zazzaɓi ya kama ta ana gobe tafiya. Aka sake shiryawa, aka sake sanarwa, sai aka soke wa Bakri hutu a wurin aiki. Daga nan tsohuwa ta yanke hukunci.

"Auta, bakin mutane ne," ta ce masa, don har yau da furfurarsa haka take kiransa. "In Allah ya sake ba mu hanya, kada kowa ya ji sai mun dawo."

Kun dai san halinmu da ɓoye tafiya. Bakri ya riƙe maganar nan da hannu bibbiyu, har ya wuce inda aka ce ya tsaya.

Ya samo wata tsohuwar mota mai ɗaki a baya, irin wadda ake kira karafan, daga hannun wani ma'aikacin matatar mai a Yanbu da zai koma ƙasarsu. Akwai gado a ciki, da ɗan banɗaki, da mukayyif mai sanyaya ɗaki. Inna za ta kwanta daga ƙofar gida har Makka. Matsalar ɗaya ce: motar ta girmi 'yarsa ta fari, Sumaya, kuma in ta yi nisa injin zafi yake ɗauka.

Ya fara kai ta wurin Shu'aibu, wani ɗan garinsu mai gareji a sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci.

"Tafiya za ka yi da ita?" Shu'aibu ya tambaya.

"Wace tafiya? Ɗakin baƙi na mayar da ita. Sai dai a ɗan zaga gari da yara."

Shu'aibu ya canja mai, ya ɗaure fambel, ya zaga sana'iyya da ita, allurar zafi ba ta motsa ba. Ya miƙa makulli.

Bakri ya saci jiki ya hau hanyar Yanbu don ya gwada. Bai yi wani nisan kirki ba allura ta haye ja, murfin gaba ya fara tururi. Ya dawo a fusace.

"A ina ta yi maka zafin?" in ji Shu'aibu.

"A nan cikin Khalidiyya."

Ku ji fa. Shu'aibu ya wuni yana zagaya Khalidiyya da mota, lafiya lau. Ya ce shi bai ga komai ba. Bakri ya tsaya a gaban jama'a ya kira shi macuci, ya ce ko keke bai iya gyarawa ba, ya ja motarsa.

Haka ya yi ta yawo daga gareji zuwa gareji. Ya je wurin Bayamale, ya je wurin wani ɗan Pakistan, ya je wurin wanda surukinsa ya yaba. Kowa sai ya tambaye shi inda motar ke zuwa, kowa ya sha amsa ɗaya, cikin gari. Su yi gyaran cikin gari, shi kuma ya je ya gwada a babbar hanya a ɓoye, ya dawo yana kumfar baki. Har aka san shi a sana'iyya. In aka hango karafan ɗin ta shawo kwana, sai ka ga mai gareji ya tuna bai yi alwala ba.

Matarsa Lauratu, wadda ita kaɗai ta san shirin, ta gaji.

"Abu Sumaya, ka faɗa wa mutum ɗaya gaskiya mana. Makanike ne fa, ba mai shela ba."

"Ke ba ki san garejin nan ba. Majalisa ce. Kafin shayi ya huce labari ya kai Jidda."

"To ka ja shi gefe."

"Inna ta ce kada kowa ya ji. Khalas, magana ta ƙare."

Daga ƙarshe wani abokin aikinsa ya kwatanta masa Hamid, wani dattijo Bahaushen Chadi da ake yabo da cewa ba ya cire lafiyayyen abu a mota don ya sayar maka da sabo. Bakri ya je ba don ya yarda ba, sai don babu sauran inda za a karɓe shi.

Hamid ya buɗe gaba, ya daɗe yana dubawa, ya shafa lagireto, tankin nan da ke sanyaya ruwan inji. Sannan ya goge hannu ya dube shi.

"Ya Hajji, ina za ta?"

A kan benci kuwa ga mutane zaune suna shan shayi, har da wani maƙwabcin Bakri da bakinsa ba ya riƙe magana.

"Cikin gari," in ji Bakri.

"Ɗayyib, ba laifi. In cikin gari ne, zan wanke lagireto in sa sabon tiyo, ya ishe ka."

"Ka canja komai da komai mana."

"Don me? Ba na sa mutum asara a banza. Amma in safar za ka yi, doguwar tafiya, ka faɗa mini yanzu. Aikin tafiya daban ne, sai na nemo kaya, sai na gwada ta da lodi."

Ya ma rage murya, ya matso kusa. "In ba ka son a ji, mu koma ciki."

Wallahi a nan ne Bakri ya fi ba ni takaici. An buɗe masa ƙofa, an shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi shiga. Ya ce babu wata tafiya, a yi abin da za a yi.

Hamid ya yi aikinsa tsaf. Bakri ya gwada a hanyar Yanbu da sanyin safiya, mota babu kowa babu kaya, allura ta zauna daram. Ya dawo gida yana murna, yana ce wa Lauratu ai ga shi ya samu gyara ba tare da ya buɗe cikinsa ga kowa ba.

Ranar tafiya aka cika tankin banɗaki da ruwa, aka loda keken Inna da jakunkuna da kulolin abinci, aka kwantar da ita a gadonta. Suka tsaya a Bi'ir Ali, miƙatin mutanen Madina, inda ake ɗaukar harami. Motocin alhazai sun cika filin, banɗakuna layi, ita kuma Inna komai nata a hankali ake yi. Kafin su gama rana ta take.

Bakri ya fito cikin fararen mayafansa biyu, kai a buɗe. Suka yi niyya, suka kama Labbaika. Muryar tsohuwa na rawa daga baya, amma ita ta fi kowa ɗagawa.

Sun bar gari a baya, duwatsu baƙaƙe hagu da dama, mukayyif na aiki iya ƙarfinsa, sai allura ta fara hawa. Bakri ya rage gudu, ta ci gaba da hawa. Can sai wani ƙara, tururi ya turnuƙe gilashi, inji ya mutu. Mukayyif ya mutu tare da shi.

Wanda ya san zafin hanyar nan da tsakar rana ya san abin da ake nufi. Ɗakin ya zama tanda cikin ɗan lokaci. Ba inuwa, ba yadda za a fito da mai ciwon baya a shimfiɗe ta a kan tsakuwa. Lauratu na jiƙa ɗankwali tana shafa wa Inna, Labbaikar tsohuwa ta koma motsin leɓe kawai.

Tsoro ya kama Bakri irin wanda bai taɓa ji ba. Ya duba wayarsa, duk kanikawan da ke ciki ya zage su, saura mutum ɗaya.

"Kana ina?" Hamid ya tambaya.

Bakri ya ce, "Hanyar Makka. Mun wuce Bi'ir Ali. Mahaifiyata na ciki, ba ta iya tashi."



"Kada ka buɗe murfin ruwa. Ka buɗe tagogi duka, ka yi ta ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Ga ni nan."

Hamid ya ajiye waya ya kamo hanya. Ya iso da motar ɗaukar mota a bayansa, shi kuma a wata babbar mota ta aro da ya kwantar da kujerunta, sanyi na busawa. Suka ɗauki Inna da katifarta suka mayar ciki. Sai da numfashinta ya daidaita ta buɗe ido, ta ga baƙon mutum, ta tambayi ko wane ne. Lauratu ba ta rage komai ba, ta zayyana mata tun daga garejin Shu'aibu.

Tsohuwa ta juyo da kai da ƙyar.

"Auta, 'yan gulma na ce ka ɓoye wa. Wanda zai ɗaure ƙarfen da zan kwanta a kai, shi ma ɗan gulma ne?"

Bakri ya sunkuyar da kai, gumi na bin gemunsa.

Suka koma gida cikin harami. Malamin da suka tambaya ta waya ya ce tunda ana sa ran gyara nan kusa, su ci gaba da zama a haka har hanya ta samu. Inna ma ta ce ko an ba ta mafita ba ta so, ta riga ta amsa kira.

To ga Bakri, mai ɓoye tafiya, yana fita sallah a Khalidiyya da mayafai biyu. Yara na gaishe shi da "Umara maƙbula, ya ammi," wato Allah ya karɓi Umara, baffa. Shagon turare ba shi shiguwa, tunda mai harami ba ya taɓa turare. Hula ba ta sawuwa. Mafi wuya a gare shi, mai harami ba ya jayayya.

Hamid kuma ya kafa sharaɗi. "Wannan karon da kai za a yi. Ka zauna ka faɗa mini nauyin da za ta ɗauka, da lokacin da za ku tashi, da duk inda ta taɓa yi maka zafi. Na gaskiya."

Bakri ya zauna a benci cikin 'yan shayi ya faɗa, baƙin mai na ɗiga a gefen haraminsa. Babu wanda ya yi masa baki. Maƙwabcin nan da yake tsoro shi ne ma ya kawo masa lema saboda rana, ya ce matarsa za ta riƙa kai wa Inna kunu.

Lagireto ya fashe, famfon ruwa ya gaji, kuma irin na wannan tsohuwar mota an daina kawowa. Suka zaga tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, ba su samu ba. Sai Hamid ya ce ya san mutum ɗaya da ke da gawar irinta a bayan garejinsa.

Shu'aibu ne.

Shu'aibu ya kalli Bakri daga silifa har tsakar kai.

"Masha Allah. A cikin Khalidiyya aka ɗauki wannan haramin?"

Bakri ya matso kusa da shi. Sannan, a gaban mutanen da ya taɓa tara masa, ya ce, "Ƙarya na yi maka, kuma na zage ka a kan ƙaryata. Ka yafe mini."

Shu'aibu ya ja tsaki mai tsawo, ya ɗauki sifana ya nufi bayan gareji. "Don Hajiya zan kwance, ba don kai ba."

Da aka gama ɗaurawa, Hamid ya cika motar da jarkokin ruwa daidai nauyin mutane da kaya, ya kunna mukayyif, ya ɗauki Bakri suka hau babbar hanya da tsakar rana. Suka yi nisa suka dawo, allura ba ta ɗaga ba. Sannan ya miƙa makulli, ya ce a tashi bayan asuba, a huta a hanya, kuma wayarsa a buɗe take.

Sun isa Makka lafiya. Bakri da kansa ya tura keken mahaifiyarsa a ɗawafi. Da ta ga Ka'aba ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe, shi ma ya kasa riƙe nasa.

Bayan sun idar ta ɗaga hannu tana addu'a a bayyane, shi yana tsaye a bayanta yana sauraro. Ta fara da Hamid, ta roƙa masa duniya da lahira, shi da zuriyarsa. Ta kama sunan Shu'aibu. Ta yi wa Lauratu, ta yi wa matar maƙwabci mai kunu. Bakri na ta jira.

Can a ƙarshe ta ce, "Da wannan Auta nawa, ya Allah. Yana sona, ka sani. Ka sassauta masa taurin kai."

Ya so ya ce shi fa ya sayi motar. Sai ya tuna bai yi aski ba tukuna, har yanzu cikin harami yake. Ya share ido da gefen mayafin da baƙin man garejin Hamid bai gama fita ba, ya ce amin.

Darasi: Kada ka nemi mai amana alhali kai kana ɓoye masa gaskiya. Sirri yana da wurinsa, amma likita da makanike da duk wanda ka ɗora ran wani a hannunsa, ka faɗa masa ainihin inda za ka. Kafin ka kira mai sana'a macuci, ka tuna abin da kai ka gaya masa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san yana shirin tafiya a ɓoye da tsohuwar mota.