Kunnen Suwaiba

Ku zare waɗannan igiyoyi daga kunnuwanku tukuna, don labarin nan naku ne.

A wata unguwa akwai wani mai niƙa, ana ce masa Malam Ila. Injinsa yana zauren gidansa, kuma ƙarar injin ta riga ta cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji. Yana da 'ya, Suwaiba, mai shirin musabaƙar Alƙur'ani. Kullum tana maƙale da iyafis, igiyar sauraron nan ta kunne, tana bin karatu a waya, ta ƙure sautin don ya danne injin.

Kakarta, Iya Tabawa, ita ta fara lura. Tana tsinkar zogale a tsakar gida, sai ta ji karatun yana fitowa daga kunnen yarinyar tamkar rediyo. Da ta yi magana, aka ce mata rigimar tsufa ce. Ba ta kula ba, ta ja jikarta zuwa asibiti. Likita ya ce jin ya fara raguwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Kawun yarinyar, Ɗanlami, mai gyaran waya, ya karɓi wayar ya kulle sautin yadda ba zai wuce rabi ba. Suwaiba ta yi kuka, ta daina gaishe shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ita ce 'yar lelensa, amma ya ce, "Ki ƙi ni da kunnenki ya fi ki so ni babu shi."

To, sai karatun ya daina jiyuwa saboda injin, yarinya ta fara aron wayar maƙwabta a ɓoye. Da uban ya gane, bai yi faɗa ba. Ya riƙa kashe injin daga safe zuwa hantsi, lokacin da mata suka fi kawo niƙa. Masu kawo niƙa da yawa suka koma wani wuri, tuwon gidan ya ragu.

Kunnen ya tsira, Suwaiba kuma ta zo ta ɗaya. Alƙalai suka ba ta Alƙur'ani mai kyau, suka ce ta miƙa shi ga wanda ya fi taimakonta. Ga kaka, ga kawu, ga uban yana ta murmushi, alhali ko harafi ɗaya na karatun bai ji ba.

To, a hannun wa ya kamata ta ɗora shi?