Aljanin da Ba Ya Cewa Ya Gaji

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi Sarki Tanimu na birnin Dumale, wanda ya ba da 'yarsa Gimbiya Kyauta ga yariman birnin Sansara da take so, can yamma bayan teku, inda ayari kan yi shekaru bai kai ba. Sharaɗin mutanen Sansara guda ne: amarya ta iso kafin faɗuwar rana a ranar da aka sa, in ba haka ba aure ya warware.

Sarki yana da wani tsohon aljani, Dungurum, mai ɗaukar mutane ta sararin sama, ya tashi da hantsi ya sauka Sansara da azahar. Shi ya kai 'yan gaisuwa, ya kwaso lefe, ya yi jigilar gwaggonni da tukwanensu. Sannu a hankali tafiyar azahar ta koma la'asar, ta la'asar ta koma isha. Kullum in ya dawo, Sarki kan ce, "Dungurum, ina gajiya?" Shi kuwa, saboda ladabi, sai ya durƙusa yana haki: "Babu gajiya, ranka ya daɗe."

Aka tara bokaye. Babbansu ya shafa gemu, ya yi gyaran murya, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, bincikenmu ya nuna birnin Sansara ne ke ja da baya."

Ranar kai amarya, suna tsakiyar teku, Gimbiya ta ji fukafukan Dungurum suna karkarwa, ruwa har yana lasar gefen zanenta. Ta ce, "Baba Dungurum, ka gaji."

"Subhanallahi! Babu gajiya, ranki ya daɗe."

Ta dubi rana ta ga ta karkata, ta dubi furfurarsa jiƙe da gumi. Sai ta dafe ƙugu, ta ari muryar gwaggonta ta ce, "Wayyo bayana! Ni dai na gaji, Baba. Sauke ni a tsibirin can, ko na yi maka kuka."

"To, saboda ke kawai," in ji shi.

Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya ɓingire, minsharinsa yana kaɗo 'ya'yan giginya. Ta zauna tana kore masa ƙuda, tana kallon rana na gangarawa da aurenta, ba ta tashe shi ba.

Da ya farka, sai ya ɗauke ta ya cilla sama kamar walƙiya, ya bi rana yamma, tana sauka yana cim mata, har ya dire Gimbiya a ƙofar Sansara da sauran jan haske a kan ganuwa.

Aka sha biki. Sarkin Sansara ya matso da fara'a ya ce, "Sannu, Dungurum. Ina gajiya?"

Dungurum ya saci kallon amarya, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai ta. A ba ni tabarma."