Mutumin da Ya Kawo Kyanwa a Buhu

Ku yaran nan, ku yi shiru ku ji ni. Ranar Lahadin da ta wuce na ga waɗansunku sun kwashe 'ya'yan kyanwar da ta haihu a bayan coci, kowa ya riƙo ɗaya a wuya yana lilo da ita. Na tare ɗayanku na ce, "Ina za ta kwana? A me za ta sha ruwa?" Sai ya ɗaga mini kafaɗa ya wuce. Ba kunya, ba tsoron Allah! Rai ne fa kuka ɗauka, ba abin wasa ba. To, ku buɗe kunnuwanku.

Akwai wani mutum manomin gyaɗa. Bayan girbi ya ware irin da zai shuka da damina, ya zuba a buhuna, ya jingine a ɗakin ajiya. Ba shi da wani iri sai wannan. Wata rana ya ga kashin ɓera a bakin buhu, hankalinsa ya tashi. Sai ya tafi wurin wata tsohuwa gwauruwa, maƙwabciyarsa, wadda 'ya'yan kyanwarta suka tasa.

Ya ce, "Iya, ki taimake ni da ɗaya, ɓeraye za su gama da ni."

Ta ce, "Zan ba ka, ɗana. Amma koma gida tukuna ka shirya mata wuri. Ka ajiye kaskon ruwa, da wani dabam na abinci. Ka nemi tsohon kwando ka shimfiɗa tsumma a ciki, a lungun da iska ba ta bugawa. Ka zuba yashi a fasasshen daro, gama kyanwa ba ta yin kashi sai inda za ta tona ta binne. Ka tanadi kan kifi da ɗan nono. In ta zo, kada ka bar ta ta fita sai ta saba da muryarka da warin gidanka."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Iya, kyanwa zan kawo ko amarya? In na ƙosar da ita, wa zai kama mini ɓera? Bari yunwa ta koya mata aiki."

Tsohuwar ta ce, "Sata za ta koya mata. Je ka yi abin da na faɗa, sa'an nan ka dawo."

Ya tafi gida, bai taɓa ko tsinke ba. Ya sha iska kaɗan ya dawo, ya ce mata ya shirya komai. Ƙarya ƙiri-ƙiri, a gaban sa'ar uwarsa! Ta gaskata shi, ta zaɓa masa wadda ta fi kuzari. Ya cusa ta a buhu ya ɗaure baki, ya je ya zazzage ta a ɗakin ajiya, ya ja ƙofa ya rufe.

Kyanwa ta yi ta kuka, ba wanda ya leƙa. Ba ruwa, ba abinci, ba wurin kwanciya. Da ba ta sami yashi ba, sai ta tona cikin gyaɗar ta yi kashinta a can. Da ƙishi da yunwa suka ishe ta, ta hau buhu ta fita ta ƙarƙashin jinka, ta sha ruwan kaji, ta cafke ɗan tsakon matar mutumin. Matar ta yi ihu. Mutumin ya fito ya wurga wa kyanwar itace, ya same ta a ƙafa. Ta tsallake katanga tana ɗingishi, ta koma gidan da ta fito.

Har yana da ƙarfin halin bin ta can! Ya tarar da tsohuwar tana ba ta nono a kasko. Ya ce, "Iya, ɓarauniya kika ba ni, amma kawo ta, zan gyara mata zama."

Tsohuwar ta ce, "Na ga haƙarƙarinta, na ga ƙafarta. Sun riga sun faɗa mini irin shirin da ka yi. Tafi abinka."

Ya juya yana gunaguni, ya ce ai ɓera ba zai cinye buhu ba. Ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya manta da shi. Da ruwan shuka ya sauka, kowa ya ɗauki fartanya, shi ma ya buɗe ɗakin ya ɗaga buhu, ya ji ba nauyi. Ya zazzage, sai ɓawo da kashin ɓera.

Ga ma'anar misalin nan, kada wani ya ce bai gane ba. Ɗakin ajiya zuciyarka ce, irin kuwa ranka ne, ba ka da wani na biyu. Ɓeraye su ne ƙananan zunuban da kuke rainawa: ƙarya, ɗauke-ɗauke, rashin kunya ga manya. Kuna so Ubangiji ya shigo ya kore muku su, ya ba ku sa'a a jarrabawa, ya warkar da ku in kun kwanta. Amma wane wuri kuka shirya masa? Addu'ar safe babu. Karatun Maganarsa babu. Ku zo coci ku ce kun tuba, ku fita ku koma gidan jiya. Kuna son amfanin, ba kwa son hidimar. In abu ya lalace kuma, ku ce Allah bai ji ku ba. Allah ba baranku ba ne da za ku kulle shi a ɗaki ya yi muku gadi!

Kuma wanda ya bar ƙaramar halitta da ƙishi a gidansa, kada ya zo ya ɗaga mini murya a waƙar yabo. Duk wanda ya ɗauki 'yar kyanwar nan, yau ɗin nan ya ajiye mata kasko da kwando da yashi, ko kuwa ya mayar wa uwarta.

Mutumin nan fa, a daminar nan gonarsa ciyawa ta haifa. Ya yi ta ƙwadago a gonakin mutane don a ba shi abin da iyalinsa za su ci. Har a gonar gwauruwar ya yi noma, rana tana dukan bayansa, kyanwar kuwa tana kwance a gindin rumbun tsohuwar tana lasar ƙafarta.